Kafin Bohol Ya Shigo Bakinmu

Masu furfura a ƙasar Haɗejiya za su tuna lokacin da manomin rani bai san kayan ban ruwa ba sai jigo: doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga a bakinta, mutum ya tsaya gefen kogi tun asuba yana sunkuyawa yana ɗagowa har ruwa ya zagaye fangalin albasa da alkama. Damina kuwa kogin da kansa yake hawowa ya malale fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ya shayar da shinkafa, ya bar wa masunta kifi a tafkuna, in ya janye Fulani su sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa.

Yau yaron da aka haifa a Auyo zai iya yin gemu bai ga jigo ba. Bohol ya sani.

Kalmar ta Turawa ce, kuma asalinta kalmomi biyu ne aka liƙa, ɗaya huda ƙasa, ɗaya rami, wato siririn ramin da ƙarfe ya huda. Irin wannan haɗin ba baƙo ba ne a wurinmu, mu da muke da 'yan ga-ruwa da fasa-ƙwauri. Sai dai da ta iso kunnenmu mun haɗiye ta a dunƙule, babu mai jin gaɓa biyu a cikinta. Gidajen rediyo sun nace wa rijiyar burtsatse, a kasuwa kuwa bohol ake cewa, mai famfon hannu a kira shi tuƙa-tuƙa.

Ƙishi ne ya kawo bohol. An kammala madatsar Tiga a 1974, ƙasa tana fama da fari, wani farin ya sake bugawa a 1983 da 1984, sannan madatsar Challawa ta zo a 1992. Da madatsun suka tare ruwa daga sama, malalen da aka saba ya ragu, daga baya ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wata fadamar ta bushe, wata ta nutse shekara sukutum. Hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano, da shirin Fadama na Bankin Duniya bayanta, suka baza injinan ban ruwa da gajerun rijiyoyin bututu da ake hudawa a yini guda. Kada a yi wa jigo kukan ƙarya, ya karya bayan iyayenmu, kuma abin da inji ke shayarwa kafin hantsi ya fi ƙarfin majiya ƙarfi goma.

Amma a da maganar manomi ita ce yaushe ruwa zai zo. Yanzu tambayarsa nawa ake sayar da litar fetur, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda ya samu hali sola yake ɗora wa bohol ɗinsa.