Kwana uku a Tudun Fulani

Na sauka Tudun Fulani da la'asar sakaliya, mako guda bayan matan Minna sun tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu, ran Litinin 5 ga Fabrairu 2024. Unguwar tana can wajen Bosso, Kpakungu kuwa a wani ɓangaren gari daban, amma na tarar zancen ya cika tsakar gidan goggona.

Daga Kano na taho da fassarata a aljihu: yunwa ce ta fito da su. Tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, mudun masara ya bi sahu. Da na faɗi haka bayan sallar isha'i, goggo ta dube ni kamar wanda ya yi ɓatan kai.

"Ɗan nan, yau muka fara ganin tsada?"

A wurinta tsada jarrabawa ce, ana haƙuri da ita kamar fari. Abin da ya ƙi haɗiyuwa daban ne. Wata guda kafin zanga-zangar aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, kan zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, kuɗin da aka ce na marasa galihu ne. Kafin nan kuma 'yan majalisar tarayya sun karɓi sababbin motocin alfarma, ana ce wa talaka ya ƙara haƙuri. Matan gidan ba su riƙe sunan ministar ba, amma adadin yana bakinsu.

Na kasa kunne kwana uku, wurin mai shayi da cikin Keke Napep, da kyar na ji wani ya ce "cin hanci da rashawa". Wannan Hausar rediyo ce. A bakin titi cin amana ake cewa, da cin haƙƙin marayu, sai Allah ya isa. Kalmomin wa'azi ne, kuma a ganina shi ya sa da mataimakin gwamna Yakubu Garba ya je Kpakungu lallashi bai samu kunne ba: ya zo da bayanin farashi, su kuwa ƙarar zalunci suka kawo. 'Yan sanda suka watsa taron da barkonon tsohuwa, suka kama mutum sama da ashirin, har da mata.

Ina gida a watan Maris na ji Gwamna Umaru Bago ya sauya wa filin jirgin Minna suna zuwa na Tinubu, filin da bai cika shekara da samun sunan Abubakar Imam ba. Ni abin ya dame ni, don da littafin Imam, Magana Jari Ce, na koyi karatu. Na buga wa goggo waya ina mita. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni nawa ake sayar da mudun gero a Dawanau.