Kogon da ke ƙarƙashin kwalta, tsakanin Garwa da Maruwa

Na fi shekara 20 ina bin hanyar Garwa zuwa Maruwa, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ta Figil, kuma ramin da nake gani bai taɓa tayar mini da hankali ba. Direba zai kauce masa. Wanda ya ci mini buhunan albasa, shi a ɓoye yake. Wata damina muna gab da wani kwalbati, kwalta sumul, sai ƙafar baya ta tirela ta burma. Da muka leƙa, ashe ruwa ya riga ya kwashe ƙasar da ke ciki, saura ɓawon kwalta kawai. Kwana biyu muka yi a wurin, albasa ta fara ruɓa.

Ƙasar wannan yanki ce haka. Baƙar lakar da Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa, takan kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ga kuma mayo, rafin da ke bushe ƙurmus wata da watanni, rana ɗaya ya cika ya batse. Mutanen Maruwa ba su manta da daminar 2020 ba, lokacin da gadar Palar ta karye, motocin Mora da Kusiri suka yi cirko-cirko.

Ɗana ne ya nuna mini a waya yadda ake farautar irin wannan kogo. Ana ɗaura kyamara mai gano zafi a jikin ƙaramin jirgi marar matuƙi, ya bi saman titi. Dabarar ba ta da wuya: inda kwalta ke zaune a kan ƙasa, zafin rana yakan ratsa ya sauka. Inda iska ce a ƙasa kuwa, zafin ba shi da wurin zuwa, don haka wurin ya fi zafi da rana, ya riga maƙwabtansa hucewa da dare. A hoto sai ya fito kamar tabo a jikin riga.

Amma kada mu ɗauka maganin komai ne. Kogo mai zurfi ba ya nunawa, inuwar dalbejiya ko jiƙaƙƙen wuri ma kan ruɗi kyamarar, sai an bi da na'urar rada an tabbatar. Ko Japan, duk ƙwarewarsu, a Janairun 2025 titi ya rufta a garin Yashiyo ya haɗiye babbar mota, direban ya rasu.

Ni dai da za a tambaye ni, a fara da bakin kwalbatoci, bayan ruwan Agusta. Kafin nan, ina sa yaron mota ya sauka ya ƙwanƙwasa kwalta da ƙarfe, mu kasa kunne.