Na Uku Daga Hagu

A cikin adakar wata tsohuwa a Madobi, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa, aka tarar da hoton bayan an yi sadakar bakwai. Baƙi da fari ne, gefensa ya cinye. Samari goma sha ɗaya, shida a tsaye, biyar a tsugune, ƙwallo a gaban na tsakiya, babu suna ko ɗaya. Ɗanta, malamin sakandare, yana da shekara uku mahaifinsa ya rasu, bai riƙe kamanninsa ba. Abin da ya gada kawai shi ne maganar da dangi suke maimaitawa: mahaifinka ya buga wa Raccah Rovers.

Maganar ba ƙarama ba ce. Raccah Rovers ta Kano ita ce ta lashe gasar lig ta Nijeriya a 1978, kuma a shekarar ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele ya sanya rigar baƙin. Duk wanda ya taɓa murza leda a ƙasar Kano a wancan zamani, in labarinsa ya daɗe a bakin 'yan'uwa, sai ya wayi gari ɗan Raccah.

Malamin ya fara da tambayar lokaci kafin ta fuska. A bayan hoton akwai kuɗin wanki da aka rubuta da fensir, a kobo. Naira da kobo sun maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairun 1973, don haka wankin bai riga wannan rana ba. Da ya sa gilashin ƙara girma, sai ya hango bakin wata magudanar siminti a bayan samarin, da katafila a ajiye. An kammala madatsar Tiga a 1974, ita ce ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Ke nan fili ne na kusa da wurin aiki, a tsakiyar shekarun 1970. Huɗu daga cikin samarin kuma ƙafarsu babu takalmi. Ƙungiyar da ke neman kofin ƙasa ba za ta tsaya gaban mai hoto haka ba.

Irin wannan bin sawu tsohuwar sana'a ce a wasu ƙasashe. A Kanada, masu binciken hotunan wasan hoki na kan ƙanƙara kan dubi fuskar mai tsaron raga, domin sai daga 1959, lokacin da Jacques Plante ya fara sanya abin kare fuska a kai a kai, al'adar ta soma yaɗuwa. Daga nan sai su koma ga jerin sunayen 'yan wasa da aka adana shekara bi shekara. A nan kuwa, jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian manyan ƙungiyoyi suka fi bi. Wasan leburori na yammacin Asabar babu inda ya rage sai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka buga shi.

Sai ya nemi dattawa, amma da sharaɗi ɗaya: ba zai nuna fuska ya ce ko wannan ne ba, domin dattijo mai kara zai amsa da i don kada ya karya masa zuciya. Ya je wa mutum uku, kowa daban, bai faɗa musu ko shi ɗan wane ne ba. Na farko idonsa ya yi rauni. Na biyu, tsohon direban katafila a Kura, ya daɗe yana kallo.

“Baba, ko ka shaida wani a nan?”

Tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kira shida. Da ya zo kan na uku daga hagu a layin tsaye, mai bille a kunci, sai ya ambaci sunan da mahaifiyar malamin ba ta taɓa furtawa ba saboda kunyar miji.

“Wannan ɗan Madobi ne. Siminti yake kwaɓawa, kuma shi ne bayanmu.”

“Baba, ba Raccah ya buga wa ba?”

Tsohon ya yi dariya. “Ɗana, Raccah sai dai mu hau mota mu je kallo. Wannan ƙungiyarmu ce ta ma'aikata.”

Na uku, a Kadawa, ya ɗora yatsa a kan fuskar nan ba tare da an tambaye shi ba.

Ƙungiyoyin ma'aikata ba abin renawa ba ne a tarihin ƙwallon Kano. Hukumar WRECA mai gina madatsun ruwa tana da tata, wadda aka haɗa da Golden Stars da Bank of the North aka kafa Kano Pillars a 1990. Duk da haka, malamin ya kwana biyu kafin ya iya gaya wa 'ya'yansa, waɗanda suka saba yin alfahari da kakansu a makaranta. Ya rasa ɗan Raccah, ya sami fuskar wani saurayi mai kwaɓa siminti, wanda magudanar da ya gina take kai ruwa gonakin shinkafa har yau.

A bayan hoton, ƙasa da kuɗin wankin, ya rubuta sunaye shida da fensir, da garuruwan dattawan da suka shaida. Gurbi biyar ya bari babu komai, ya ɗauki hoton a wayarsa, domin an ce masa akwai wani tsoho a Bunkure.