Ruwan Ƙarshe: Tsakanin Kirdadon Damina da Hasashen Gobe

Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, tambaya ɗaya ce ke hana manomin Ikara da Makarfi da Kudan barci: ruwan jiya shi ne na bankwana, ko akwai saura? Dawa ta fitar da kai, tana neman ƙarin ruwa ko da sau biyu ne. Gyadar da aka tuge da waken suyan da aka yanka kuwa, ruwan dare ɗaya ya isa ya baƙanta su. A gona guda sai a sami addu'o'i biyu masu karo da juna.

Wani dattijo a Hunkuyi yakan tunkari tambayar da lissafin da ya koya a zaure: taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da guda mai 14. Da Sarfa ta kama, ya san damina ta juya baya. Sai ya dubi gawo, wanda ya wuni tsirara duk damina, ko ya fara toho. Ya lura ko shamuwa ta yi ƙaura, ko raɓa ta yi nauyi da asuba. Alamun nan ba sa ƙarya game da ƙaratowar kaka. Abin da ba sa faɗa masa shi ne ko ya shanya ranar Talata.

Ɗansa kuwa rediyo da waya yake bi. Hukumar NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, takan fitar da bayanin damina tun farkon shekara: lokacin faɗuwar ruwa, tsawonsa da ɗaukewarsa. Takan kuma ba da na kwana uku. Na farko ya dogara ga tarihin ruwan yanki da ɗumin manyan tekuna, musamman Fasifik, don haka iyakarsa ya nuna inda shekara ta karkata. Na biyu yana bin iska da gajimaren da ake gani yanzu. A Oktoba, iskar Atilantika mai laima tana ja da baya kudu, busasshiyar iskar Sahara na biye da ita, kuma ja da bayan ba a miƙe yake ba. Laima takan dawo, zafin agazari ya tayar da hadari daga gabas. Irin wannan hadari yakan jiƙa Makarfi ya tsallake Ikara. Babu na'urar da za ta hango shi tun Fabrairu.

A nan ne maganar ta shafi masu nazarin harshe. Abubuwan biyu duka da "hasashe" ake fassara su, alhali Hausa tana da "kirdado" da "kintace", waɗanda suka fi ɗaukar ma'anar rinjaye ba tabbas ba. Mai fassara kan yar da "mai yiwuwa" don taƙaitawa, sai mai sauraro ya ji an yanka masa rana. Wannan gajartawa ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin buhuna ake asara a kanta.

Bara ɗan ya riƙe ranar ɗaukewar ruwa da ya ji tun bazara, ya bar gyada a shanye. Uban bai yi musu ba. Ya dai sa jikokinsa sun kai tamfol bakin gona, ya ce a riƙa jin rahoton kowace yamma har iska ta juyo daga arewa maso gabas.