Tarihinmu a Littafin Yaro

Yaron da ke koyon haɗa baƙi yakan gaji da wuri idan abin da yake karantawa bai ce masa komai ba. Zai yi ta bin malama da "ba, be, bi, bo, bu" har a tashi, hankalinsa yana waje.

Amma a ba shi labarin rijiyar Kusugu ta Daura, da macijin da ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Sai ka ga ya ɗora yatsa a kan layi, yana rarrabe gaɓoɓin sunan baƙon da ya zo garin, Ba-ya-ji-da, a hankali, don yana ƙagare ya ji yadda baƙon nan ya ƙare da macijin. Son jin ƙarshen labari ne ke jan shi daga kalma zuwa kalma.

Labaranmu kuwa ba su da iyaka. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwarta. Ga Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna karantar da mata. Ga Abubakar Tafawa Balewa, malamin makaranta daga Bauci wanda ya karɓi 'yancin Nijeriya a 1960.

Abin da nake roƙo a littattafan yara shi ne gaskiya. A faɗa wa yaro wanne ne tarihin baka da kakanni suka bar mana, wanne ne yake rubuce. Jimloli su zama gajeru, kalmomin kuwa na gida. Kuma iyaye su zauna su saurari karatunsa ko da yana tuntuɓe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.