Sarakuna Uku da Na Zubar

Ba zan tsaya wanke kaina ba, ya mai karatu. Na san matsayin caca a addini da al'ada, na kuma san abin da mahaifina zai ce da labarin nan ya kai kunnensa. Abin da nake son bayarwa labarin wasu 'yan mintoci ne da na yi a gaban wani tebur a unguwar Yaba, cikin shekarar 2019, lokacin da nake hidimar ƙasa a Legas.

Wasan da ake yi a ɗakin sunansa poka, samfurin nan da ya fito daga jihar Tekzas ta Amurka. Katuna 52 ne. Ana ba kowa biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur, uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai kuma ɗaya, a kowane mataki ana zuba kuɗi. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin nan shi ke kwashewa. Namu kuwa ba gasa ba ce da ake biyan kuɗin shiga sau ɗaya. Kowane ɗan kwabon roba da ke gabanka naira ce tsaba, in ya tafi ya tafi ke nan.

A daren na zauna da naira 45,000, alhali alawus ɗinmu a wancan lokaci naira 19,800 ne a wata. Kuɗin motar zuwa gida Babbar Salla na ciki, da na atamfar da na yi wa Inna alkawari.

Da aka raba na ɗaga gefen katunana, sai ga sarakuna biyu, duka baƙaƙe. Aka buɗe ukun farko: wani sarkin, da tara da huɗu masu alamar zuciya. Sarakuna uku ke nan a hannuna, abin da mai riƙe da tagwayen kati ba ya samu sai kamar sau ɗaya cikin takwas. Na zuba kuɗi, kowa ya janye ban da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya daɗe a Kafanchan har Hausa ta zauna a bakinsa. Baba muke ce masa. Kati na huɗu bai sauya kome ba. Na ƙara zubawa, ya sake bina ba tare da ya ce uffan ba. Na biyar ya faɗo: bakwai mai alamar zuciya. Na ƙwanƙwasa tebur na ba shi fage. Baba bai ko dube ni ba, ya turo naira 30,000, daidai da abin da ke tsakiya, daidai kuma da abin da ya rage a gabana.

Lissafin ba shi da wuya. Zan sa 30,000 don in ci 60,000, wato ko sau ɗaya cikin uku na fi shi ƙarfi, ban yi asara ba. Abu guda ne kawai zai kayar da ni: ya zamana katunansa biyu duka zuciya ne, su haɗu da ukun da ke tebur su cika biyar masu alama ɗaya. Zukata goma ne suka rage ban gani ba. A takarda, mai sarakuna uku ba ya gudu.

Amma ai ba da takarda nake wasa ba, da Baba nake yi. Wata huɗu ina kallonsa, ban taɓa ganin ya turo kuɗi mai yawa don ya tsorata wani ba. Mutum ne mai ƙirga canjinsa sau biyu in ya sayi lemo. Da tara uku gare shi, da tuni ya ɗaga farashi don kada zuciya ta uku ta riske shi. Shi kuwa bi kawai yake yi, bin mai jiran jirgi a tasha, yanzu ga jirgin ya iso.

Duk wannan na gane shi cikin ɗan lokaci. Abin da ya tsayar da ni daban ne. Naira 15,000 da na riga na zuba suna kallona daga tsakiyar tebur kamar har yanzu nawa ne, alhali sun bar hannuna tun da na sake su. Ga kuma sarakunan nan, waɗanda na shafe makonni ina jira. Kyansu ya sa ina jin kamar bashi suke bina. Sai kunya. Mutum shida sun zuba mini ido, wani har yana cewa Malam ya tsorata. Mafi muni duka, wanda ya bi yana ganin katin abokin karawarsa ko da ya faɗi, amma wanda ya zubar ba a nuna masa kome. Na lura rabin zuciyata a shirye take ta biya kuɗin atamfar Inna don kawai ta sani.

Na kife sarakunana na tura su. Hannuna na rawa, har ɗaya ya nemi ya birkice.

Baba ya jawo kuɗin, ya cusa katunansa cikin sauran a rufe. Na ce, "Baba, don girman Allah, zukata ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, gani da kuɗi ne, kai kuwa ba ka biya ba."

Na canza abin da ya rage na fita, ban sake taka ɗakin ba. Na je gida da Salla, Inna ta sami atamfarta, ta sa mini albarka ban iya haɗa ido da ita ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in barci ya ƙi zuwa nakan sake shimfiɗa katunan nan biyar a raina. Wani daren in ba Baba zukata biyu. Wani daren kuma in ba shi tara da huɗu, in ga yana dariya shi kaɗai a hanyarsa ta komawa gida.