Rajistar 'Yan Ƙwallo Biyu

Mu da aikinmu shi ne rubutu a ofis, akwai al'ada guda da muka saba da ita. In ana so a san halin ma'aikaci, ba a duba takarda ɗaya a tsaya, sai a ɗauko fayil ɗinsa a bi shi tun daga shafin farko har na ƙarshe. Da wannan al'ada nake so mu duba labarin waɗansu 'yan ƙwallo biyu, ɗaya Bakano, ɗaya mutumin ƙasar Girka, waɗanda Allah Ya haɗa su rana ɗaya, sa'an nan kowa ya kama hanyarsa.

Ranar kuwa ita ce 17 ga watan Yuni, 2010, a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu, cikin gasar cin kofin duniya. Nijeriya ta fara ci, Kalu Uche ya jefa ƙwallo a minti na 16. Ana cikin haka, a minti na 33, ƙwallo ta fita waje. Sani Kaita da Vasilis Torosidis suka ɗan ture juna a bakin layi, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa hauri. Torosidis ya faɗi, alƙalin wasa ya zaro jan kati. Da muka koma mutum goma sai wasa ya juye. Girkawa suka rama kafin a tafi hutu, kuma a minti na 71 Torosidis ɗin nan da kansa ya ci ta biyu. Wannan ita ce nasarar farko da Girka ta taɓa samu a gasar. A nan Aujara har yau in aka ambaci Kaita a gidan kallo, abin da ake fara tunawa ke nan.

To, bari mu buɗe fayil. An haifi Torosidis a garin Xanthi cikin 1985, kuma a ƙungiyar garinsu ya fara wasa. A farkon 2007 Olympiacos, wadda ta fi kowace ƙungiya cin kofi a ƙasarsu, ta saye shi. Ya shekara shida a can, kusan kowace shekara suna ɗaukar kofin ƙasa. Cikin 2013 ya tafi Roma ta Italiya, cikin 2016 ya koma Bologna, cikin 2018 ya dawo Olympiacos, inda ya ajiye takalmi a 2020. Watau ƙungiya huɗu rak ya yi wa wasa duk tsawon rayuwarsa, ƙasarsa kuwa ya buga mata wasa 101.

Shi Kaita an haife shi a Kano cikin 1986, ya tashi a Kano Pillars. Yana cikin samarin da Samson Siasia ya kai wasan ƙarshe na gasar 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan cikin 2005, yana kuma cikin waɗanda suka samo wa Nijeriya lambar azurfa a wasannin Olamfik na Beijing cikin 2008. Duka biyun Ajantina ce ta tare mu. Yana ɗan shekara 19 Sparta ta Rotterdam ta ɗauke shi, ya shekara uku. Cikin 2008 Monaco ta saye shi, daga nan fa yawo ya soma. Monaco ba ta riƙe shi ba, sai ta riƙa ba da shi aro: yau yana Kuban ta Rasha, gobe Alania, jibi Metalist ta ƙasar Yukren. Abin mamaki, a farkon 2011, ko shekara ba a yi da jan katin nan ba, sai ga shi a Girka yana yi wa Iraklis ta birnin Tasalonika wasa. Bayan nan ya ci gaba da sauya ƙungiyoyi, ya taɓa Enyimba ta Aba, har ya kai ƙasar Finlan.

Mai karatu, kada ka ce jan katin ne ya jawo masa wannan yawo, gama an fara ba da shi aro tun kafin 2010. Dalilan suna da yawa. Tun daga 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗan wata ƙasa ta tarayyar ba baƙo ba ne a ƙungiyar wata ƙasar tarayyar. Saboda haka Torosidis a Italiya kamar ɗan gida yake. Ɗan Afirka kuwa baƙo ne, ƙasashe da yawa kuma sun ƙayyade yawan baƙin da ƙungiya za ta ɗauka ko ta sa a fili. Ban da wannan, Torosidis bai bar ƙasarsu ba sai da ya shekara 27, ya riga ya yi suna, in abu ya ƙi yana da babban gida da zai koma. Wanda ya fita yana yaro kuwa, al'amarinsa yana hannun dillalai, su kuma la'adarsu tana fitowa ne duk sa'ad da aka yi sabon ciniki. Mu mutanen ƙasar Dutse mun san ci-rani. Wanda ya sami maigida guda ya zauna da shi, shi ke dawowa da abin kirki. Wanda kowane wata yana sabon masauki, wahalarsa ta fi ribarsa.

Ban ce Kaita bai yi laifi ba. Ya yi, shi da kansa ya fito ya roƙi 'yan Nijeriya gafara. Amma abin da ya biyo baya ya fi laifin muni, don har barazanar kisa aka yi ta aika masa. Mutumin da ya samo wa ƙasarsa lambar azurfa sau biyu, ya jure sanyin Rasha yana neman halaliyarsa, aka manta da duk wannan saboda fushin minti ɗaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani. Wane ne cikinmu bai taɓa ɗaga hannu a kasuwa ko a gona ba? Bambancin kawai, namu ba a nuna wa duniya a talabijin ba.

Kai uba, in ɗanka ya iya ƙwallo, kada ka yi gaggawar miƙa shi ga duk wanda ya zo da alkawarin Turai. Bar shi ya kafu a gida tukuna, ka kuma binciki ƙungiyar da za a kai shi, ko wasa za ta sa shi, ko kuwa ajiye shi za ta yi kamar haja. Kai kuma saurayi, ka sani abokin karawarka yana neman ya tunzura ka ne, in ka biye masa shi ke da riba. Allah Ya ba mu ikon danne zuciya, Ya sa mu yi wa juna adalci, amin.